Wai Ina Amfanin Amfilifaya Ta Uku?

'Yan uwana mata, akwai wata sabuwar hanyar zubar da kuɗi da ta fara shigo mana gidaje, kuma da yake ta zo da sunan ilimi da wayewa, da yawanmu sai mu yi shiru don kada a ce mana 'yan ƙauye. To ni dai ba zan yi shiru ba. Maganar amfilifayar hedfon nake yi, wato ɗan akwatin nan da ake haɗawa tsakanin waya da abin sauraron da ake ɗorawa a kunne, wai don sauti ya ƙara daɗi. Maigida ya sayo ɗaya, bayan wata uku ya ce ba ta fitar da ganga yadda ya kamata, ya sayo ta biyu. Kafin shekara ta zagayo yana maganar ta uku, alhali buhun shinkafa ya kusa ganin ƙasa. Yanzu ma har 'yan mata sun shiga sahu, yarinya ta ɗauki adashinta sukutum ta kai kasuwar waya saboda ta ga ƙawarta da irinta.

Kada ki ɗauka ina ƙin sauraro ne. Haba, ina! Mu da muke wuni a gida, wa ya kai mu sanin daɗin abin? Ga littattafan da ake karantawa a YouTube, ga shirye-shiryen rediyo, ga waƙoƙin biki. Kina tsintar shinkafa ko kina guga, labari yana shiga kunnenki ba ki tashi yaro daga barci ba, ba ki dami abokiyar zama ba. Tun da kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman a 1979 mutane suka gane daɗin jin abu su kaɗai. Abin da nake faɗa da shi shi ne ƙaryar da aka ɗora a kan abin.

Bari in gaya miki aikin amfilifaya, don masu sayarwa ba sa so ki sani. Aikinta ɗaya ne tak: ƙara wa sauti ƙarfi domin ya iya motsa ɗan faifan da ke cikin hedfon. Ba ta gyara muryar mawaƙi, ba ta wanke waƙar da aka turo miki ta WhatsApp bayan ta bi hannu goma. Kuma kowace waya mai ramin iyafis tana da tata 'yar amfilifayar a ciki, da ita kike ji tun ranar da kika saye ta. Tambayar kawai ita ce, wannan ta cikin ta ishi abin da kika ɗora a kunne ko ba ta ishe shi ba?

Kin san dai ba murhu ɗaya ake hura wa kowace tukunya ba. Tukunyar biki sai an jibga mata itace, amma wadda za ta dafa ƙwai biyu in ta hura wutar biki ai sai a ce lafiyarta kuwa? Haka hedfon yake. A jikin kwalinsa za ki ga wata lamba da ake kira om. Iyafis ɗin da muke amfani da su kullum, da yawancin hedfon na kasuwa, om 16 ne zuwa 32, ƙananan tukwane ke nan, waya tana ɗaukar su ba tare da ta yi nishi ba. Akwai kuma manya. Kamfanin Sennheiser na Jamus yana da wani mai suna HD 600 da ya fito tun 1997, shi om 300 ne. Beyerdynamic, su ma Jamusawa, suna yin DT 880 iri uku: mai 32, mai 250, da mai 600. Irin waɗannan masu ɗaruruwan in kika saka su a waya za ki ƙure murya amma ki ji abin can ƙasa-ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya. Akwai lamba ta biyu kusa da ta farko, mai nuna yawan ƙarar da hedfon yake bayarwa in an ba shi wuta kaɗan. In kin ga ta kai desibel 100 ko ta wuce, to mai sauƙin ciyarwa ne.

Saboda haka ba na musun cewa akwai mai buƙatar amfilifaya. In maigidanki yana da irin mai om 300 ɗin nan, ko yana aikin haɗa sauti a sutudiyo, to ya sayi guda ɗaya mai kyau, ba mai cewa uffan. Amma tsakani da Allah, gida nawa ne a unguwarku ke da irin wannan hedfon? Mutum yana riƙe da iyafis ɗin da aka ba shi kyauta a kwalin waya, ya je ya sayo masa akwatin da ya ninka shi kuɗi sau ashirin. An ɗaura wa jaki sirdin dokin sarki ke nan. Abin da zai samu ma sai ya ba shi haushi, domin ƙaramin iyafis mai saurin ji in aka haɗa shi da babbar amfilifaya, sau da yawa wani "shuuu" yake fitarwa a ƙarƙashin waƙar, wanda da can babu shi.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce wata yarinya a layinmu, ba zan kama suna ba. Hedfon ɗinta na Bluetooth ne, marar igiya, amma wani mai shago ya lallaɓe ta ya sayar mata da amfilifaya. Yo ta ina za ta shiga? Duk hedfon ɗin da ba shi da igiya, amfilifayarsa tana cikinsa tare da batirinsa, shi ya sa ake yi masa caji. Muddin ta iska sautin yake zuwa masa, ko akwatin zinare kika ajiye a gefe ba abin da zai ƙara. Da ta koma, sai ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa.

To me ya sa mutum in ya gwada a shago sai ya rantse ya ji bambanci? Nan ne dabarar take, ki buɗe kunne da kyau. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: in aka ba shi abu iri ɗaya sau biyu, aka ɗan ƙara wa na biyun murya ko da kaɗan ne, sai ya ce na biyun ya fi daɗi, gangar ta fi cika, muryar ta fi fitowa. Mai shago ya san haka ko da bai je makaranta ba. Zai sa miki a waya da murya rabi, sannan ya sa a akwatinsa ya murɗa. Ke kuma ga kwali mai ƙyalli, ga fitila shuɗiya tana walƙiya, ga kuɗin da aka faɗa miki mai tsoratarwa, ai dole zuciya ta ce wannan ya fi. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Ba mu kaɗai ake yi wa haka ba, har Turawan da suka ƙera abin. A 1987 wata mujallar masu son kayan sauti a Amurka, Stereo Review, ta tara masu sauraro ta jera musu amfilifayoyi na sifika, daga ta 'yan ɗaruruwan daloli har zuwa ta dubbai. Aka daidaita ƙarfin muryarsu, aka hana su ganin wadda ke aiki. Sai ga shi sun kasa rarrabewa yadda za a dogara da shi, amsoshinsu ba su fi na mai canki-canka ba. Ke ma za ki iya wannan gwajin a tsakar ɗakinki. In maigida ya fara zancen sabuwa, ki ce ya aro ta tukuna. Ku daidaita muryar tsohuwar da sabuwar, ya juya baya, ƙanwarki ta riƙa sauya igiyar ba tare da ta faɗa masa ba, sau goma. In ya canka tara, a ba shi hanya ya saya. In kuwa ya tsaya a biyar ko shida, to kuɗin ya koma cefane. Ki yi shi cikin raha dai, ban ce ki tayar da rigima a gidanki ba.

In har sautin ne bai gamsar da ke ba, ga inda kuɗi yake aiki: hedfon ɗin kansa. Shi ne bakin da ke magana a kunnenki, bambancin mai kyau da marar kyau ko yaro zai ji shi. Bayan shi sai asalin abin da kike saurare, a samo shi mai tsabta. Wani lokacin ma soson kunnen ne ya mutu, a sauya shi, sauti ya dawo. Idan kuma wayarki irin wadda ba ta da ramin iyafis ce, tun da Apple suka cire shi a iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, to 'yar gajeriyar igiyar nan da ake sakawa a ramin caji, mai kyau daga cikinsu tana ɗauke da tata amfilifayar a ciki, kuma ta ishi yawancin abin da muke da shi.

Yanzu ga wadda ta fi kuɗi zafi. Ƙarfin da amfilifaya ta ƙara, in hedfon ba ya buƙatarsa, ina kike zaton zai tafi? Cikin kunnenki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Ta kuma ba da ma'auni: babba zai iya jin ƙara mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. In ta kai 90, awa 4 kacal. In ta kai 100, wajen minti 20 a mako gaba ɗaya. Ki duba yadda lokacin yake zubewa! Shawararsu ita ce kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. To wadda ta riga ta saba ƙure wayarta, aka ƙara mata akwati mai ninka ƙarfin, ina za ta tsaya?

A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, babu allura, babu jiƙo. Kuma abin ba ya zuwa da ciwo balle ki farga. Da farko za ki cire iyafis ki ji kunne yana wani "ziii" kamar sauro ya shige. Daga nan sai a wurin biki ki ga bakin mutane yana motsi amma maganar tana kuɓuce miki. Sai uwar miji ta kira ki sau uku ba ki amsa ba, a ce raini ne, a kai ƙara wurin maigida, ke kuwa wallahi ba ki ji ba. Ina wanda zai yarda?

Ko kunnen bai lalace ba, matar gida ba ta da halin toshe shi ruf. Ga yaro yana rarrafe kusa da risho, ga miya a wuta, ga mai sallama a zaure. Ni shi ya sa in ina aiki kunne ɗaya nake sawa, murya ƙasa, yadda in an yi magana a tsakar gida zan ji. In wadda ke zaune kusa da ke tana jin abin da ke fita daga hedfon ɗinki, ya yi yawa, ki rage.

Sannan su waɗannan manyan na ajiyewa a kan tebur, da wutar lantarki suke aiki, ba batir. A garin da wuta take zuwa ta ɗauke yadda ta ga dama, rabin wuni akwatin ado ne kawai. In an tayar da janareta wani lokacin ƙugi yake biyo igiya har cikin kunne, in kuma wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona shi, mai gyaran rediyon unguwa zai buɗe ya leƙa ya ce kayansa sai an yi oda daga waje. Ta farkon da ta biyun kuwa suna nan cikin kabad bayan kwanukan tangaran, an kai su kasuwa an taya rabin kuɗi, maigida ya ce bai sayar ba.