Filafili Ba Abin Kunya Ba Ne Ga Ɗan Jami'a

Tara iyayen ɗalibai a Kalgo ko Birnin Kebbi ka ce musu ya kamata jami'a ta kafa ƙungiyar tseren kwalekwale, amsar da za ka ji ba za ta wuce biyu ba. Wani zai ce wannan wasan Turawa ne da 'ya'yan masu hannu da shuni, ina ruwanmu da shi. Wani kuma, kuma irinsa sun fi yawa, zai murtuke fuska ya ce: "Haba Malam, na sayar da shinkafata na kai yaro boko, don ya dawo yana tuƙin jirgi kamar ɗan Sarkawa?" Na farko yana ganin abin ya fi ƙarfinmu, na biyu yana ganin mun fi ƙarfin abin, amma sun tsaya a kan magana ɗaya, wato ɗan jami'a ya yi nesa da gulbi. Wannan ra'ayi ya yi kaka-gida har a zukatan malamai masu digiri uku, kuma kuskure ne da yake jawo mana asara babba.

A fara da masu cewa wasan Turawa ne. Wa ya gaya musu? Tun zamanin Kanta, sama da shekara ɗari huɗu da suka wuce, ƙarfin Kabi a ruwa yake. Masu tarihi sun rawaito cewa Kanta yana da jirgi da aka lulluɓe da tagulla, matuƙa hamsin ke jan sa idan ruwa ya cika fadama. Matuƙa hamsin ba za su ja jirgi ɗaya ba sai an hore su sun iya tsoma filafili a lokaci guda, sun iya ɗaga shi a lokaci guda. Abin da ake koya wa ɗaliban jami'o'in Oxford da Cambridge ke nan, babu ƙari. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ba kamun kifi kaɗai ba ne. Akwai Kabanci, inda ake tseren kwalekwale da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A Yauri kuma ga Rigata, wadda Gungawa da maƙwabtansu suka gada tun kakanni. Mutanen da ke da wannan duka ba za a ce musu tsere a kan ruwa baƙon abu ne ba.

Su Turawan ma ba daga jami'a abin ya faro musu ba. Masu fito ne, masu ƙetarar da mutane a kogin Landan don su sami na abinci, suka fara tsere a tsakaninsu, kuma akwai gasarsu da ake yi tun 1715. Sai daga baya 'yan makaranta suka ga abin ya yi musu kyau suka ɗauka. Oxford da Cambridge suka yi karon farko a 1829, kuma tun 1856 ya zama na shekara-shekara, in ban da lokutan yaƙi da annoba, a kan tazarar da ta kusa kilomita bakwai. A Amurka, tseren jirgi tsakanin Harvard da Yale a 1852 shi ne gasar wasa ta farko da aka taɓa yi tsakanin jami'o'in ƙasar, kafin ƙwallo kowace iri. Da 'ya'yan manya suka karɓe wasan a Ingila, sai suka kafa doka cewa duk wanda yake cin abinci da ƙarfin hannunsa, lebura ko maƙeri ko mai fito, ba zai shiga gasarsu ba. Sai a 1937 aka soke wannan doka. Girman kai ne tsagwaronsa, kuma irinsa ne muke yi a yau idan muka ce filafili na ɗan Sarkawa ne, ɗan jami'a sai biro. Bambancin kawai shi ne su sun kori masu sana'ar sun riƙe wasan, mu kuwa mun yar da duka biyun.

Shekara ɗaya kafin a soke waccan doka, a gasar Olamfik ta Barlin ta 1936, ɗaliban Jami'ar Washington ne suka ci zinare a tseren jirgin mutum takwas. 'Ya'yan manoma ne da masu saran katako da ma'aikatan tashar jirgi, yaran da ke aikin ƙarfi lokacin hutu don su biya kuɗin makaranta. Irinsu ne suka cika azuzuwan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, take zaune a ƙasar Kalgo kan hanyar Bunza, fadamar gulbi na kusa da ita.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigi da damina ya ga abin da nake nufi. Yaro ne ɗan shekara sha uku ko sha huɗu a gindin kwalekwale, an loda masa buhunan shinkafa da babur da mata biyu da goyonsu. Ruwa na gudu, ja-jawur da laka. Ba ya nufar ɗaya gaɓar kai tsaye. Sai ya fara haurawa sama ta gefen da ruwa ya yi sanyi, sannan ya karkata hancin jirgin ya bar igiyar ruwa ta kai shi daidai inda yake so ya sauka. Filafilinsa na shiga ruwa ba fantsama, yana murɗa shi a ƙarshen kowane ja don kada jirgin ya juya. Wannan murɗawar da yake yi ba tare da ya ko kalli hannunsa ba, ita ce masu koyon tseren kwalekwale a wasu ƙasashe suke shafe watanni kafin ta zauna musu. Idan Allah ya sa yaron nan ya yi karatu har ya shiga jami'a, abu na farko da zai koya shi ne ya ɓoye wannan gwaninta, kada abokansa su kira shi ɗan ƙauye. Za a ba shi ƙwallon ƙafa, inda yake ɗaya daga cikin miliyoyi, a raba shi da abin da ya fi kusan kowa iyawa.

Ba ƙwallo nake zagi ba. Abin da nake ƙi shi ne mu ɗauka cewa wasa shi ne ƙwallo, ƙwallo ita ce wasa. A duba su wa suka wakilci Nijeriya a kan ruwa. Chierika Ukogu ce ta fara tuƙa wa ƙasar nan jirgi a Olamfik, a Rio a 2016. A Amurka aka haife ta, a Jami'ar Stanford ta yi tuƙi, kuma sai da ta nemi gudummawar jama'a ta intanet kafin ta iya zuwa. Jami'ar wata ƙasa ce ta raina mana ita. A gasar Tokiyo Esther Toko ta bi sahunta, Ayomide Bello kuma ta shiga tseren kwalekwale, ta sake zuwa Faris a 2024 tare da Beauty Otuedo. Ina jinjina musu. Amma ina ɗan Argungu, ina ɗan Yauri, ina ɗan Bunza? Maƙwabtanmu na Nijar sun tura Hamadou Djibo Issaka Landan a 2012 bayan horon wata uku kacal. Ya zo na ƙarshe, 'yan kallo suka tashi suna yi masa tafi saboda jarumtarsa. Ƙarfi bai rasa ba, zuciya bai rasa ba. Abin da ya rasa shi ne shekarun horo a ƙarƙashin mai koyarwa, da jirgi na ƙwarai, da gasa a kai a kai. Waɗannan kuwa makaranta ce ke iya bayar da su, domin ita ce ke riƙe da matashi shekara huɗu cur a lokacin da jikinsa ya fi ƙarfi. Bikin shekara-shekara ba zai iya ba. Na Argungu ma sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a farfaɗo da shi a 2020. Gwanin da ke jiran biki kafin ya nuna kansa zai iya tsufa yana jira.

Masu cewa wasan zai raba ɗalibi da karatu ba su san yadda yake ba. A gasar duniya mita 2000 ake tsere, kuma jirgin maza takwas yakan cinye ta cikin ƙasa da minti shida. Matuƙan suna zaune sun ba gaba baya, kujerunsu na zamewa a kan ƙarfe, mafi yawan ƙarfin daga cinya yake fitowa ba daga damtse ba, suna ja fiye da sau talatin a minti ɗaya. Mutum na tara, mai ƙaramin jiki, shi ke kallon gaba, yana riƙe da linzamin jirgin yana ba su kari da murya. Idan ɗaya ya makara da ƙiftawar ido, jirgin duka zai tangaɗa. Babu tauraro a ciki, babu wanda zai ce ni na ci. Don haka ɗan tuƙi ba ya fashin atisaye, domin in bai zo ba mutum takwas ne za su zauna a gaɓa. Da asuba ake fita, kafin iska ta taso, a dawo kafin lacca ta farko. Yaron da zai fita ruwa bayan sallar asuba ba zai kai ƙarfe biyun dare a majalisa yana latsa waya ba, kuma ba zai haɗa wannan aiki da shaye-shaye ba, huhunsa zai tona masa asiri a mako na farko. Ita Ukogu da na ambata karatun likita ta wuce bayan Rio.

Sai maganar kuɗi, kuma ita ce hujja mai nauyi. Gaskiya ne jirgin tsere irin na Turai yana da tsadar gaske, kuma jami'o'inmu na kukan rashin kayan ɗakin gwaji, ga yajin aikin da ya cinye wata takwas a 2022. Amma wa ya ce da jirgin Turai za a fara? Tseren kwalekwale da filafili ɗaya, mutum na durƙushe yana kallon gaba, shi ma wasan Olamfik ne, kuma shi ya fi kusa da tuƙinmu na gado. Kafintocin jirgi na nan a Yauri da sauran garuruwan bakin ruwa. A ba su aikin kwalekwale shida ko takwas masu tsawo ɗaya da nauyi ɗaya, a sayi rigunan ceto, a yi rumfar ajiya. Wannan bai kai kuɗin motar ofis ɗaya ba. Ɗaliban injiniya su zauna da kafintocin su auna, su gwada wane fasali ya fi tsaga ruwa, aikin kammala digiri ya samu ke nan. Masu cewa gulbi na janyewa da rani su tuna cewa ƙasashen da kogunansu ke daskarewa wata da watanni suna cin zinare. Lokacin da ruwa ya yi ƙasa a yi gudu da ɗaga ƙarfe, a koma ruwa idan ya dawo. Tsargiya da sauran cututtukan ruwa kuwa dalili ne na a sa likitocin jami'a su duba wurin atisaye su riƙa gwada 'yan wasa, abin da zai amfani ƙauyukan da ke sha da wanka a wannan ruwa tun fil azal.

Akwai kuma abin da ya fi lambar zinare. A watan Mayu na 2021 jirgi ya kife a kogin Kwara kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, mutum fiye da ɗari suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu masu neman abinci ne. Ba shi ne na farko ba, ba shi ne na ƙarshe ba. Kowace damina sai an yi zaman makoki a wani gari na bakin ruwa, a yi ta'aziyya, a yi alkawarin rigunan ceto, a watse. Lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare, fasinjojin da ba su iya iyo ba, kowa ya san dalilan. Su wa ke zama daraktoci da kansiloli da jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa? Waɗanda suka fito daga jami'a ne, kuma da yawansu ba su taɓa riƙe filafili ba, ba su san yadda jirgi ke nauyi a hannu idan lodi ya wuce ƙa'ida ba. Sharaɗin farko na shiga ƙungiyar tuƙi shi ne ka iya iyo, ka iya ceton wanda ya faɗa, ka san abin yi idan jirgi ya kife. Jami'ar da ke yaye matasa masu wannan ilimi duk shekara tana zuba wa jihar mutanen da za su tsaya a mashigi su ce jirgin nan ba zai tashi ba, kuma matuƙi ya saurare su domin ya san sun san abin da suke faɗa.

Kada kuma a ce ban da mata. Matanmu na bakin gulbi suna shiga jirgi kullum zuwa kasuwa da gona, kuma su da yara ne suka fi halaka idan ya kife. A ware musu lokacinsu da mai koyarwa mace da suturar da ta dace da addininmu da al'adarmu. Wannan tsari ne kawai, ba gagara ba.

Wa zai koyar? Nan ne girman kanmu zai sha gwaji. Malamin farko ba daga Abuja zai zo ba. Sarkin Ruwa ne da dattawan Sarkawa, waɗanda suka san inda gulbi ke da zurfi, da inda yake da juyi, da watan da ba a wasa da shi. A ɗauke su da albashi, a rubuta sunayensu a takardar ma'aikata, ɗalibi ya rusuna ya ce "Baba, a nuna mini," kamar yadda yake cewa "Ranka ya daɗe" a ofishin farfesa. Daga baya a nemi hukumar wasannin tuƙi ta ƙasa ta turo masu horarwa su ƙara dokokin gasa da agogo. Abokan karawa kuwa ba su da nisa: ga jami'ar jiha a Aliero, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wadda ita ma a bakin fadamar Rima take. Shugabannin makarantun nan huɗu su zauna da masarautun Gwandu da Argungu da Yauri, su tsayar da rana ɗaya a shekara bayan ruwa ya daina hauka, wajen Nuwamba, su auna mita 500 a gulbi, kowace makaranta ta kawo jirginta da matuƙanta.