Filin Uwargida: Matar Aure da Karatun Malanta

Wannan watan wasiƙar wata baiwar Allah daga Mandera zan amsa. 'Ya'yanta uku, ta gama sakandare shekara tara da suka wuce, kuma firamaren garinsu babu malama mace ko ɗaya. Tambayarta: ko ta makara?

Ba ki makara ba, 'yar uwa. Amma ki sani zamanin Gireti Tu ya wuce. Yau NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a Nijeriya, kuma mai son firamare sai ta nemi sashen nazarin ilimin firamare.

Kafin ki kashe ko sisi, ɗauko sakamakonki na WAEC ko NECO ki ƙirga. Kiredit ɗin da ake nema sai a zama ɗaya ko biyu. Turanci da Lissafi su ne ke kayar da yawancinmu. In babu su, gara ki sake zama jarrabawa da ki biya wani ɗan tsakiya da ya ce zai "gyara" miki. Wadda ta yi sakandaren Arabiyya kuma, takardar NBAIS karɓaɓɓiya ce.

Hanya biyu ce a gabanki. Akwai karatun kullum na shekara uku, kamar a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ko ta Tarayya da ke Gidan Madi. Akwai kuma na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976. Nata daga gida ake yi, a ba ki littattafai, ki riƙa zuwa cibiya a ƙarshen mako da lokacin hutu. Mai goyo daga Boɗinga ko Shagari ni shi nake zaɓar mata, don kuɗin mota kullum zuwa birni shi ke fara karya gwiwa.

Sai batun maigida, wanda na san shi ne ainihin tambayar ko da ba ki rubuta ba. Kada ki bari sai kin yanki fom. Ki zaunar da shi, ki gaya masa har da watannin gwajin koyarwa, lokacin da za ki fita kowace safiya. Nan ne rigima ke tashi in ba a shirya wa mai riƙon yara ba. In ya yi jinkiri, tuna masa jajin da Nana Asma'u ta tura ƙauyukan ƙasar nan matan gida ne. Iyaye da yawa ba sa sakin 'ya mace sai sun ga mace a aji, shi ya sa a 2008 aka fara tallafa wa matan karkara yin NCE a Sakkwato, bisa sharaɗin su koma garuruwansu su koyar.

In kin gama, akwai rajistar hukumar malamai, TRCN, kafin neman aiki a SUBEB. Ki adana rasit ɗin duk abin da kika biya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.