Kafin a Ja wa Fanka Wayar Kai-Tsaye

Tsohuwar Golf da ta taso daga 'Yankuzo da buhunan hatsi da fasinjoji, ta hau titin Tsafe ta nufi Gusau, ba ta cika nuna ciwonta a lokacin da take gudu ba. Muddin tana tafiya, iska na ratsa lagireto tana kwashe zafin ruwan inji. Sai an iso shingen jami'an tsaro, motoci sun yi layi, rana ta take a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sannan allurar zafi ta fara hawa. A daidai wannan tsayuwar ce ake bukatar fankar lagireto ta tashi. Idan ba ta tashi ba, cikin 'yan mintuna ruwa zai tafasa.

A wani wurin wannan ɓacin lokaci ne kawai. A hanyar da ta ratsa Kwatarkwashi da Tsafe da Wanzamai zuwa 'Yankara kuwa, inda masu garkuwa da mutane suka sha tare matafiya, babu direban da ke son ya buɗe bonet a gefen daji yana jiran inji ya huce. A watan Satumban 2021, da aka katse layukan wayar salula a Zamfara, wanda motarsa ta tsaya a hanya ko makanike ba ya iya kira. Shi ya sa maganin da ya fi karɓuwa a garejin Tsafe da Gusau da Bungudu yake da farin jini: a ja waya daga makunni ko daga batir zuwa fanka, ta riƙa juyawa ba tsayawa, a kuma zare tamostat a jefar. Direba ya ji ƙarar fanka, hankalinsa ya kwanta.

Tsoron nan gaskiya ne. Kuma a tsakiyar hanya, ga magariba na kawo kai, jan wayar kai-tsaye shi ne daidai, domin a fitar da rayuka daga wurin. Abin da ba daidai ba shi ne a bar wayar nan wata da watanni, a kira ta gyara.

Tsarin da ake tsallakewa ba mai wuyar ganewa ba ne. Wuta na fitowa daga batir, ta bi ta fis, ta tsaya a bakin rile, wato ƙaramin makunnin da wuta kaɗan ke kunnawa domin ya saki wuta mai yawa. Mai ba da umarni shi ne wani ɗan makunnin zafi da ke nutse cikin ruwan inji. A Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, yana jikin lagireto, kuma yawanci mataki biyu gare shi: ruwa ya kai wajen digiri 95 fanka ta tashi a hankali, ya haura 100 ta ƙara ƙarfi. Daga nan wuta ta shiga motar fankar, ta koma batir ta wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Gaɓoɓi biyar ke nan, kowacce kuma ana iya gwada ta da kwan gwaji da guntuwar waya.

Kafin a taɓa waya ma, akwai tambayar da ke raba gardama. Yaushe motar ke zafi? Idan a tsaye take zafi, ta huce da zarar ta kama gudu, zargi ya hau kan fanka. Idan kuwa a kan gudu take tafasa, to a duba lagireton da ya toshe, ko famfon ruwa, ko gasket ɗin kan inji, domin fanka goma ba za su yi maganin wannan ba. Sai a duba ruwa, bayan inji ya huce sarai, don murfin lagireto mai zafi ya sha ƙona fuskar masu gaggawa. Makunnin zafi ruwa yake ji. Idan ruwa ya yi ƙasa ya bar shi a cikin iska, ba zai ba da umarni a kan lokaci ba, alhali lafiyarsa ƙalau. Sau da yawa an la'anci wayoyi a kan laifin tiyo mai yoyo.

Fis ne na farko. Idan ya ƙone, aka sa sabo ya sake ƙonewa, to yana ba da labari ne: ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko motar fankar ta yi nauyi tana jan wutar da ta wuce ƙima. Naɗa silin waya a gurbinsa toshe bakin mai kawo rahoto ne. Rile kuma ana iya musanya shi da wani irinsa a cikin akwatin, muddin ƙafafunsu da lambarsu ɗaya ne. Makunnin zafi yana da ɗan tarko. A Golf, ana zare soket ɗinsa a haɗa bakunan da guntuwar waya. Fanka ta tashi, an kama mai laifi. A tsofaffin Corolla da yawa abin akasin haka ne: zare soket ɗin kawai, makulli na kunne, shi ke tayar da fanka. Wanda bai san bambancin ba zai sayi abin da bai lalace ba.

Sai a ƙarshe a ba fanka wuta daga batir ta wayar da ke da fis, don gwaji. Idan ta yi shiru, ko sai an ƙwanƙwasa ta take motsi, gawayin cikinta ya cinye, abin da ƙurar hunturu da shekaru talatin ke gaggautawa. Idan ta juya lafiya, a koma ga wayar da ke ɗaure a jikin mota, wadda tsatsa ke ci a ɓoye. A kuma tabbatar fanka na zuƙo iska ta cikin lagireto zuwa wajen inji, domin juya wayoyi biyu kan sa ta hura baya, ga ƙara ga motsi, babu sanyi.

Duk wannan bai kai awa guda ba a hannun mai gyaran waya da ya san aikinsa. Kuɗin wayar kai-tsaye kuwa daga baya ake biya. Yawanci ana jan ta ba fis, a cikin bonet mai tiyon fetur. Idan ta makunni aka bi, wutar fanka mai nauyi kan gasa makunnin da ba a yi shi don ita ba. Idan ta batir aka bi, ranar da aka manta a kashe, da safe sai turi. Mafi muni, an yi fankar ne ta yi aiki ta huta. Wadda ke juyawa daga Tsafe har Funtuwa, har a kan gudun da ba a bukatarta, ƙarar da kwananta take yi, kuma ba ta sallama ranar da za ta mutu. Zare tamostat shi ma ba kyauta ba ne: inji ya daɗe bai ɗau ɗumin aikinsa ba, musamman da safiyar sanyi, ya ƙara shan mai, a ƙasar da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita ke da zafi a aljihu.

Da sauƙi a ɗora laifin kan masu gareji, amma rabonsu bai kai na masu mota ba. Ma'aikacin da ke Gusau, wanda ya saya wa ƙaninsa Golf ya riƙa jigila a ƙauye, yakan biya kuɗin sabuwar fanka ba musu, domin ya ga abu a hannu. A ce masa ya biya ladan awa guda ta bincike, wadda ƙila ta ƙare da goge tsatsa a kan noti ɗaya, sai ya ga an cuce shi. Mai gyara ya koyi darasi: tunani ba ya kawo kuɗi, canza kaya da jan waya su ke kawowa. Yaron da ke koyon aiki a gefensa ma abin da zai gada ke nan.

Mai mota na iya sauya wannan ciniki ba tare da ya zama makanike ba. Ya biya ladan bincike daban, ya nemi a nuna masa gaɓar da ta mutu. Idan yana son kariya ta gaggawa saboda halin hanya, a sa masa makunni na hannu mai bi ta fis da rile, a bar tsarin asali yana aikinsa. Kafin motar ta bar gareji kuma, a bar injin yana aiki a tsaye, a zuba ido har fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci, ta tsaya da kanta.