Maganin Tsutsa na Bakteriya: Sauƙi ga Mai Lambu, Amma da Sharaɗi

Duk wanda ya bi gefen kogin Jakara ta wajen Kwakwaci, cikin ƙaramar hukumar Fagge, zai ga lambunan latas da kabeji da alayyafo sun yi kore shar. Da sassafe ake yanko ganyen, kafin azahar ya isa kasuwar Sabon Gari, da dare yana cikin kwanon wani. Saboda haka maganin da mai lambu ya fesa jiya ba nasa ba ne shi kaɗai, har da mai ci.

Guba mai ƙarfi tana da tsada ta hanyoyi da dama. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dikulobos, wanda ake haɗa fiya-fiya da shi. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, manoma suka yi ta feshi, ita kuwa ta ƙi mutuwa. Wannan ya isa dalilin duba wata hanya.

Hanyar ita ce wata ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Wani masani ɗan Japan, Ishiwata, ya gano ta a 1901, kuma an fara sayar da ita a matsayin magani a Faransa a 1938. Tana ƙera wani furotin mai kamar ƙanƙara, wanda ba ya aiki sai an haɗiye shi. Ruwan cikin tsutsa irin na kanwa ne, shi ke narkar da furotin ɗin, ya manne a bangon hanjinta ya huda shi. Nan take sai ta daina ci, cikin kwana biyu ko uku ta mutu. Cikin ɗan Adam kuwa tsami gare shi, kuma hanjinsa ba shi da gurbin da furotin zai manne. Haka abin yake ga akuya da kaza da kifi. Ƙudan zuma da ƙwarin da ke farautar tsutsa ma galibi suna tsira. An jarraba wannan a Afirka ta Yamma: shirin yaƙi da makantar da ƙudan kogi ke yaɗawa, wanda ya gudana daga 1974 zuwa 2002, ya yi shekaru yana zuba wani nau'in Bt cikin kogunan da jama'a ke sha.

Sai dai rashin illa ba lasisin sakaci ba ne. Bt ba ya taɓa ɗarɓa ko farin ƙuda, don haka dole mai lambu ya san abokin gabarsa kafin ya sayi makami. Hasken rana yana lalata shi cikin 'yan kwanaki, shi ya sa feshin yamma ya fi. Ƙananan tsutsotsi yake kashewa sosai, ba waɗanda suka ƙoshi ko suka shige cikin tumatir ba. Babban haɗarin kuma shi ne yawan amfani da shi: a 1990 aka ba da rahoton tsutsar kabeji a Hawai ta Amurka ta daina jin sa, saboda an matsa mata da shi ba hutu.

Don haka muhallinsa cikin haɗaɗɗen tsarin yaƙi da ƙwari yake: a riƙa duba ganye kowane mako, a ƙone ragowar shuka, a sauya abin da ake shukawa, a kafa tarko, sannan a yi feshi idan ɓarna ta kai. A sayi mai lambar rajistar NAFDAC, a adana shi a inuwa, a rufe hanci da ido wajen feshi. Mai saye kuma ya wanke ganye da kyau, domin Bt ba ya tsarkake ruwan Jakara.

Malaman kimiyyar noma suna da rawar takawa. Kunya biyu ta kabeji a lambun makaranta, ɗaya da Bt ɗaya babu, ɗalibai suna ƙirga tsutsa suna rubutawa, ta fi dogon bayani a allo. Da yawansu 'ya'yan masu lambu ne, kuma abin da suka gani da idonsu shi za su kai gida.