Zambo da Barkwanci a Ƙasar Hausa: Makamin Talaka Ko Bulalar Mai Mulki?

Gabatarwa

Duk lokacin da hukuma ta kama wani mai barkwanci ko mawaƙi saboda ya taɓa wani babba, sai a ji jama'a sun rabu gida biyu. Wasu su ce ai dama yi wa shugaba ba'a ba tarbiyyar Bahaushe ba ce, baƙuwar ɗabi'a ce da boko da wayar hannu suka kawo. Wasu kuwa su ce zambo shi ne makamin talaka tun kaka da kakanni, saboda haka duk wanda ya yi shi gwarzo ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kowane ɓangare rabin gaskiya ya riƙe. Raha da manya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, amma ba kowace dariya ce ke tare da mai rauni ba. Aikin ɗalibin adabi shi ne ya iya rarrabe su.

Kalmomi da ma'anoninsu

Abin da Turawa suka dunƙule a kalma ɗaya, Bahaushe ya rarraba shi kashi kashi, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa abin ya daɗe a hannunsa. Zambo shi ne kishiyar yabo, watau a siffanta mutum da muni don a ƙasƙanta shi. Habaici magana ce da ake yi ba tare da kama suna ba, wadda mai ita ya san da shi ake, kamar yadda aka ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Gatse kuwa a faɗi abu ana nufin akasinsa. Sa'an nan ga ba'a da zolaya da shaguɓe da gugar zana, ga kuma barkwanci wanda ke tsakanin taubasai, ko tsakanin jika da kaka, ko tsakanin al'ummu kamar Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa. Al'ummar da ta ƙirƙiro wa abu sunaye masu yawa haka, ta kuma tsara wanda zai yi wa wane, da lokacin da za a yi, ba za a ce abin baƙo ne a wurinta ba.

Dariya a adabin baka

Tun daga tatsuniya yaro yake fara koyon yi wa mai ƙarfi dariya. Gizo ba shi da ƙarfi ko kaɗan, amma kullum shi ne yake wasa da hankalin zaki, ya kuma jefa kura cikin wahala saboda kwaɗayinta. Tsohuwar da ke ba da labarin ba ta kama sunan hakimi ko dagaci ba, amma mai sauraro yakan girma da sanin cewa ƙarfi da hankali ba dole ne su haɗu a wuri ɗaya ba.

Wasannin tashe na watan azumi sun fi tatsuniya fitowa fili. Akwai wasan da yaro yake yin shigar malami da rawani da gemun auduga, 'yan'uwansa suna tuhumarsa da yin rawa, shi kuwa yana musu alhali yana cikin takawa. Babu wa'azin da ya kai wannan ɗan wasa tona asirin mai faɗar abin da ba ya aikatawa. Haka nan 'yan kama sukan ari muryar mai wa'azi ko karin waƙar wani shahararren makaɗi, su juya zancen gaba ɗaya ya koma kan tuwo da miya, malamai na zaune suna dariya. A fada ma an san wawan sarki, wanda aka ɗauke wa alƙalami, yana iya furta abin da waziri ba zai iya ba. Shi ya sa ake cewa a bakin wawa akan ji magana.

To amma a nan ne ya kamata masu cewa zambo makamin talaka ne su dakata. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi, da Musa Ɗankwairo, gwanayen zambo ne waɗanda har yau ake nazarin hikimarsu. Sai dai wa suke yi wa zambon? Ba sarkin da ke kan gado ba. 'Yan'uwansa da suka nemi sarautar suka rasa, su ne ake kamantawa da kura ko biri ko jaki, a gaban jama'a, ba su da bakin ramawa. Watau zambon fada bulala ce a hannun wanda ya riga ya yi nasara. Ko a cikin tashe ma, wasan Nalako na Kano gwauraye yake farauta, ba masu mulki ba. Ashe ke nan tun asali dariyar Bahaushe hanya biyu take bi: wata ta hau sama, wata ta gangara kan na ƙasa.

Rubutaccen adabi da fagen siyasa

Da rubutun boko ya kankama, marubutan farko ba su bar wannan gado ba. A cikin Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar da aka shirya a 1933, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman sun yi ta damfarar juna da sauran mutane daga gari zuwa gari. Mai karatu yana dariya, amma abin da ake nuna masa shi ne yadda rawani da ƙaryar malanta suke cin kasuwa a inda jahilci da kwaɗayi suka yi yawa. A cikin Magana Jari Ce kuwa, waziri mutum shi ne maci amana, aku tsuntsu shi ne mai hikima da biyayya, har ya gaji kujerar wazirin. Marubucin da ke aiki a ƙarƙashin Turawa da sarakuna ba zai iya cewa fada cike take da maciya amana ba, amma ya iya ɗora tsuntsu a kan wazirci, kowa ya karanta ya yi murmushi.

Siyasar jam'iyyu ita ce ta juya bakin zambo ya fuskanci sama a fili. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, mawaƙanta irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu suka mayar da waƙa makamin gwagwarmaya da mulkin En'e da jam'iyyar NPC, mawaƙan NPC su ma suka mayar da martani. Magoya bayan NEPU da dama sun sha ɗauri a kotunan alƙalai bisa tuhumar zagin sarki ko cin mutuncin hukuma. Abin lura shi ne, fasahar da makaɗin fada yake samun doki da riga saboda ita, ita ce ta kai talaka gidan yari da ya juya ta ga mai sarauta. Fasahar ba ta sauya ba, wanda aka harba ne ya sauya. A Jamhuriya ta Biyu ma, da jam'iyyar PRP ta dare biyu, sunayen da ɓangarorin suka tashi da su, watau Santsi da Taɓo, raha ce tsantsa, kuma sun fi kowace doguwar takardar manufa zama a zukatan jama'a.

Kafofin watsa labarai da hannun hukuma

Rediyo da talabijin sun faɗaɗa fagen. Usman Baba Pategi, tsohon soja wanda ya rasu a 2023, ya shahara da wasan Samanja Mazan Fama a zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasa. Ya sa talaka ya yi dariya da kakin da yake tsoro, ta hanyar gurɓatacciyar Hausar bariki da hargagin samanja. An ƙyale shi domin dariyarsa ta tsaya a kan halayyar ƙananan sojoji, ba ta kai ga masu ba da umarni ba. Inda aka ja layi ya bayyana a 1984, sa'ad da gwamnatin soja ta kafa Doka ta 4, wadda ta haramta buga duk abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta ba'a ko zubar da mutunci. A ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jaridar The Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda, ko da yake su labari suka buga ba barkwanci ba. An soke dokar a 1985, amma tunanin da ya haife ta bai mutu ba.

A 2008 an ɗaure Rabilu Musa Ibro wata biyu a Kano, lokacin da Hukumar Tace Finafinai take tsananta wa 'yan fim. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 da tarar naira 10,000 kowannensu, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. A ɗaya gefen kuma, an ga yadda mawaƙan siyasa da waɗanda ake kira sojojin baka suke yi wa abokan hamayyar iyayen gidansu kaca kaca a rediyo da wuraren taro, a sallame su da kuɗi da motoci. Wannan tsohon tsarin fada ne ya sake riga: zambon da ya gangara ana ba shi tukuici, wanda ya hau sama ana ba shi bulala.

Hujjar masu suka

Ba daidai ba ne a yi watsi da masu sukar barkwanci kamar ba su da hujja. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 11 da ta 12 na Suratul Hujurati, ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi da cin naman mutane. Kuma gaskiya ne cewa da yawa daga abin da ake yaɗawa yau da sunan raha zagi ne tsirara: a zagi iyayen mutum, a yi dariya da halittarsa ko lalurarsa ko asalinsa, ko a ƙaga masa laifi a ce wasa ne. Magana zarar bunu ce, kuma wayar hannu takan kai ta inda mai ita bai taɓa zato ba. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da 'yancin faɗar ra'ayi, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare haƙƙin wasu.

Sai dai wannan hujja ba ta kai inda masu mulki suke son kai ta ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi rangwame ga wanda aka zalunta ya bayyana abin da aka yi masa. Wanda ya karɓi amanar jama'a, ya ci albashi daga baitulmali, ayyukansa sun zama abin dubawa ga kowa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan asibiti ba magani, makaranta ba rufi, sai wani ya zana ko ya kwaikwayi abin har aka yi dariya, ba shi ne ya jawo abin kunyar ba, nuna shi kurum ya yi. Shugaban da ya harzuƙa saboda haka sai ya tuna cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ma'aunin rarrabewa

Akwai tambayoyi uku da za su taimaka wa manazarci, har ma da alƙali. Ta farko, wa aka nufa: mai iko ne ko wanda ba shi da bakin ramawa? Ta biyu, me aka taɓa: aikin da mutum ya yi da zaɓinsa, ko halittar da Allah ya yi masa? Ta uku, shin an cusa ƙagen da mai sauraro zai ɗauka labari ne na gaskiya, ko kuwa zuguguwa ce wadda kowa ya san wasa ce? Barkwancin da ya nufi mai iko, ya tsaya kan aikinsa, bai ƙaga masa ƙarya ba, ya cancanci kariya ko da ya yi zafi. Wanda ya faɗi a tambaya ta uku, hanyarsa ita ce ƙarar neman diyya, inda za a nemi hujja daga kowane ɓangare. Bulala da kurkuku ba sa wanke sunan kowa, hasali ma sukan sa wanda bai ji wasan ba ya tafi nemansa.

Kammalawa

Nauyi na musamman yana kan sassan nazarin Hausa. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan zambo da habaici a waƙoƙin fada, amma sau da yawa akan tsaya ga ƙirga kamance da siffantawa, ba a tambayi wanda zambon ya yi wa aiki ba. Ya kamata kundayen ɗalibai su shiga zanen barkwanci na jaridu, da shirye-shiryen siyasa na rediyo, da gajerun wasannin da ke yawo a waya, a auna su da ma'aunin da ake auna Narambaɗa da Abubakar Imam. Ya kamata kuma a tattara wasannin tashe da na 'yan kama daga bakin waɗanda suka rage kafin su ƙare. Masu barkwancin kansu suna bukatar wannan ilimi, domin magabatansu sun san yadda ake harbi ba a kama suna ba, shi ya sa maganarsu ta daɗe. Su kuma masu mulki, sarakunan da suka gabace su sun ajiye wawa a fada ba don sun rasa dogarai ba, sai don sun san akwai gaskiyar da bafade ba zai taɓa kawo musu ba. Wanda ya rufe wannan ƙofa bai hana jama'a dariya ba, kansa kawai ya hana jin dalilinta.