Aljanun kufai sun fi mu tsaron tarihi

A Ingila akwai wani tsohon gidan masu sarauta mai suna Raynham Hall, a yankin Norfolk. A 1936 wata mujalla ta buga hoton wani abu kamar inuwar mace tana saukowa daga matakalar gidan, aka ce fatalwar Dorothy Walpole ce, wadda ta rasu a 1726. Masana da dama sun ce hoton na bogi ne. Duk da haka, labarin ya sa duniya ta san gidan, kuma yana nan tsaye.

Mu ma muna da irin wannan, sai dai kunyarsa muke ji. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Magarya ko Dungas ya san kufan da ba a ratsawa da tsakar rana, da tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta bayan magariba, wai masu abu suna nan. Ɗan boko ya ce camfi ne, malami ya ce a kiyayi shirka. Ban yi musu da kowa ba. Amma a duba: wannan tsoron shi ya hana gatari taɓa tsamiyar, ya hana mai bulo haƙe tsohuwar katangar. Yau tsoron ya ragu, ba mu kuwa ɗora wani mai gadi a gurbinsa ba.

Ƙasar nan ta Sosebaki ce, ta Dungas da Waca da Mirriya, mai sarauta tun kafin zuwan Faransawa. Sau da yawa in tsoho ya ce kufai kaza na da aljanu, ka ƙara tambaya za ka ji sunan garin da ya tashi, ko yaƙi ne ya tashe shi ko yunwa, da inda zuriyarsa ta koma. Wa ke rubuta wannan?

Gini ma ba ya jira. A Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda aka gina a ƙarni na 19. In na babban birni ya faɗi, ina ga soron ƙauye?

Matashin da zai je gida da salla daga Kano, Yamai ko Aljeriya, wayar da yake ɗaukar bidiyon TikTok da ita ta isa ta naɗi muryar kakarsa. Ya tambaye ta labarin tsamiyar, ya bar ta ta kai aya, kada ya yi dariya.