Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Ci-ranin Turawan Ingila a Sifaniya

Ya 'yan'uwa ma'abota alƙalami, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato yadda ake raɗa wa abu guda suna biyu gwargwadon launin fatar mai shi. Idan Bahaushe ko Ba'indiye ya bar garinsu ya tafi Landan neman abin sakawa a bakin salati, sunansa ɗan ci-rani, in an ga dama ma a ce baƙon haure. Amma idan Baturen Ingila ya naɗe tabarmarsa ya koma bakin tekun Sifaniya domin rana ta fi daɗi kuma abinci ya fi araha, sai ya kira kansa "expat", wai shi baƙo ne na alfarma. To mu dai mun ce atafau, ɗan ci-rani ne, kuma koke-kokensa na yau da kullum su ne shaidarmu.

'Yan Birtaniya wajen 300,000 ne ke zaune a Sifaniya, sun fi taruwa a yankunan Alikante da Malaga, kuma da yawansu tsofaffi ne masu cin fansho. Shekara da shekaru suna shiga suna fita ba mai ce musu kanzil, domin kuwa ƙasarsu tana cikin Tarayyar Turai. Ranar 23 ga Yunin 2016 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, kashi 52 cikin 100 suka ce a fice, kuma babban abin da aka yi yaƙin neman ƙuri'a da shi shi ne wai baƙi sun yi yawa a Ingila. Aka fice ranar 31 ga Janairun 2020, wa'adin share fage ya ƙare a ƙarshen wannan shekarar. Daga nan fa ido ya raina fata.

Abu na farko, takardar zama. Wanda bai yi rajistar zama ba, ko da ya mallaki gida sukutum, kwana 90 kawai yake da su a cikin kowane kwana 180, in ya zarce ya zama mai laifi. Waɗanda suka riga suka zauna aka ce su je ofishin 'yan sanda a ɗauki hoton yatsunsu a ba su katin shaidar baƙi da ake kira TIE. Sabon zuwa kuwa, mai son zama ba tare da yin aiki ba, a 2024 sai ya nuna yana da kuɗin shiga Yuro 2,400 a kowane wata, ga kuma inshorar lafiya ta kansa.

Na biyu, lasin tuƙi. Daga 1 ga Mayun 2022 hukumomin Sifaniya suka daina amincewa da lasin Birtaniya a hannun wanda ya wuce wata shida da zama, har sai da aka ƙulla yarjejeniya a Maris ɗin 2023. Wata goma ke nan da ɗoriya dattijo mai shekara saba'in, a ƙauyen da motar haya ba ta cika zuwa ba, yana roƙon maƙwabta su kai shi asibiti, ko kuma ya zauna jarrabawar tuƙi kamar sabon ɗan koyo.

Na uku, kuɗi. Fansho da Fam yake zuwa, cefane kuwa da Yuro ake yi. Fam ɗin da ake canzawa Yuro 1.30 kafin ƙuri'a, cikin 'yan makonni ya faɗo ƙasa da 1.20, ba tare da mai gidan haya ya rage ko sisi ba. A 2020 kuma wasu manyan bankunan Ingila suka aike wa masu ajiya da ke zaune a Turai takardar cewa za a rufe asusunsu. Kai, hatta guzuri bai tsira ba, domin a Janairun 2021 ma'aikatan kwastan na Holan sun ƙwace burodi mai nama daga hannun direbobin da suka sauko daga jirgin ruwan Ingila.

To jama'a, layi a ofis, da hoton yatsu, da nuna abin da ke aljihu, da fargabar canji, wanne ne a ciki ɗan ci-rani bai sani ba? Ai duk jarfar da Birtaniya ta saba yi wa wasu ce. Tun 2010 take tilasta wa matar da za ta bi mijinta can cin jarrabawar Turanci. A 2012 ta ce sai mijin yana samun Fam 18,600 a shekara, a Afrilun 2024 ta mayar da shi 29,000. A Fabrairun 2024 ta kai kuɗin lafiyar da baƙo ke biya Fam 1,035 a shekara, tun kafin ya ga likita. Amma ga mutum ya shekara ashirin a Benidom, yana shan shayinsa a shagon Bature ɗan'uwansa, yana karanta jaridar Turanci, bai iya Sifaniyancin da zai gaya wa likita inda ke masa ciwo ba, sai ya ɗauki tafinta. In Bahaushe ne ya yi haka a Manchesta, da tuni an ce ya ƙi sajewa da jama'a. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Wani zai ce ai ba su suka kashe zomon ba, rataya aka ba su. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu ɓoye ta ba. A 2016 duk wanda ya haura shekara 15 a waje ba shi da ƙuri'a, aka yanke hukunci a kan rayuwarsa ba a tambaye shi ba. Harry Shindler, tsohon sojan yaƙin duniya na biyu da ya zauna a Italiya, ya yi shekaru yana fafutukar a soke wannan doka. Ya rasu a 2023 yana da shekara 101, sai a Janairun 2024 sokewar ta fara aiki. Wannan zalunci ne, kuma mun kira shi da sunansa.

Haka nan batun fansho. Mai zaune a Sifaniya ko Amurka ana yi masa ƙarin shekara-shekara kamar yana gida. Mai zaune a Kanada ko Ostireliya ko Afirka ta Kudu kuwa, abin da ya fara karɓa shi zai yi ta karɓa har ya koma ga Mahaliccinsa, komai tsadar rayuwa. Mutum sama da 400,000 wannan doka ta shafa, kuma Nijeriya da Gana suna cikin jerin. Ashe ke nan ma'aikaciyar jinyar da ta bar Kano ko Kumasi, ta ƙarar da ƙuruciyarta a asibitocin Ingila tana biyan haraji, in ta dawo gida ta huta, ita da Baturen da ya bi jikokinsa Ostireliya jirgi ɗaya ya kwaso su.

Saboda haka muna tausaya wa tsohon da ya rasa lasinsa, amma tausayinmu da sharaɗi. Wanda ya ɗanɗani zaman benci a ofishin shige-da-fice yana jiran a kira lambarsa, bai kamata ya sake buɗe baki ya ce baƙi sun cika ƙasarsa ba. Mu kuma masu rubutu da masu fassara labaran duniya, suna a hannunmu yake. Kada mu ƙirƙiro wa Bature wata kalma mai ƙamshin turare alhali Hausa ta riga ta tanadi wadda ta dace. In ya bar garinsu domin neman sauƙi, mu rubuta ɗan ci-rani, kamar yadda za mu rubuta wa ɗan Sakkwato a Ikko. Ci-rani ba abin kunya ba ne, kakanninmu sun yi shi har Gwanja da Sudan, sun koyi harshen masu masaukinsu, sun bi dokar gari.

Allah ya ba baƙo haƙuri, ya ba mai masauki adalci, amin.